Ƙera Sauti Da Wayoyi A Kwamfuta: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya taɓa zama a situdiyon haɗa kiɗa ya san yadda aikin yake tafiya. Mai kiɗa zai kunna fiyano ko ya buɗe manhaja irin su FL Studio, ya bi jerin sautukan da kamfani ya riga ya shirya, ya zaɓi sarewa, ya zaɓi bes, ya zaɓi ganga, sannan a ɗora waƙa. Hanya ce mai sauri, kuma ita ta riƙe kiɗan finafinan Hausa tun shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano. Sai dai sarewar da ya zaɓa tana cikin dubban na'urori iri ɗaya a faɗin duniya. Shi ya sa za a ji waƙoƙi biyar na mawaƙa daban-daban, amma kiɗan kamar hannu ɗaya ne ya yi shi.

Akwai wata hanyar, wadda mutum yake ƙera sautin da kansa tun daga tushe. Kayan aikinta shi ne sinthesaiza mai sassa: na'urar da ba a haɗe take zuwa ba, kowane sashe da aikinsa guda, mai ita ne yake sada su da wayoyi yadda ya ga dama. A da sai mai hannu da shuni ko ɗakin binciken jami'a ke iya mallakar ta. Yau ana samun ta a matsayin manhaja, wasu ma kyauta. Wahalar da ta rage ita ce ta koyo, kuma mafi yawan wahalar tana gushewa da zarar an gane abin da ke gudana a cikin wayoyin.

Daga ina ta samo asali?

A shekarar 1964 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Robert Moog, tare da mawaƙi Herb Deutsch, ya ƙera wasu akwatunan lantarki da ake sarrafa muryarsu da ƙarfin wuta, ya nuna su a taron injiniyoyin sauti a birnin New York. A daidai wannan lokaci Don Buchla yana irin wannan aiki a jihar Kalifoniya, amma shi bai sa wa tasa na'urar maɓallan fiyano ba, domin yana ganin sabon kayan kiɗa bai kamata ya bi tsarin tsoho ba. Da na'urar Buchla ne Morton Subotnick ya yi faifansa Silver Apples of the Moon a 1967. Shekara guda bayan haka Wendy Carlos ta fitar da Switched-On Bach, inda ta kaɗa waƙoƙin tsohon mawaƙin Jamus, Bach, da na'urar Moog. Faifan ya ci kyautar Grammy uku, ya kuma sa jama'a suka san akwai irin wannan abu.

Na'urorin suna da girma da tsada, ga wuyar ɗauka. A 1970 kamfanin Moog ya fito da Minimoog, wanda aka riga aka haɗa wayoyinsa daga ciki, mawaƙi ya ɗauka ya hau dandamali. Da Yamaha ya fito da DX7 a 1983, cike da sautukan da aka shirya, sai aka kusa mantawa da masu wayoyi. Wani Bajamushe, Dieter Doepfer, shi ya farfaɗo da su a tsakiyar shekarun 1990 da tsarinsa A-100. Girman sassansa da ƙarfin wutarsu suka zama ma'aunin da ɗaruruwan kamfanoni suke bi yau, wanda ake kira Eurorack. Tsada dai tana nan: sashe ɗaya sau da yawa yana haura dala 100, kuma ana bukatar da dama kafin a sami abin saurare.

Wace manhaja za a fara da ita?

Wadda ta fi shahara ita ce VCV Rack, wadda Andrew Belt ya fitar a 2017, aka kuma sake ta da sabon fasali na biyu a ƙarshen 2021. Tana aiki a kan Windows da Mac da Linux. Abin da za ku gani a fuskar kwamfuta hoton akwatin Eurorack ne, da ramuka da maɓallan murɗawa, kuna jan waya daga wannan rami zuwa wancan da linzamin kwamfuta. Akwai ta kyauta, wadda take aiki ita kaɗai, akwai kuma ta kuɗi, wadda ake buɗewa a cikin manhajar haɗa kiɗa kamar sauran kayan VST. Rumbunta na intanet yana ɗauke da dubban sassa, yawancinsu kyauta, sai dai a buɗe asusu kafin a sauke su. A cikinsu har da kwafin sassan Mutable Instruments, waɗanda Émilie Gillet ta ƙera a Faransa ta kuma bar tsarinsu a buɗe ga kowa.

Wanda yake son ya yi aiki a cikin FL Studio ko makamanciyarta ba tare da ya biya ba, akwai Cardinal. An gina ta ne a kan VCV Rack, tana zuwa da sassanta a haɗe, don haka da an sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman data. Akwai kuma Voltage Modular, da Reaktor, da The Grid da ke cikin Bitwig Studio, da miRack ga masu iPad. Masu wayar Android suna iya gwada SunVox, wadda kamanninta daban ne amma tunanin haɗa sassa ɗaya ne. Duk wadda aka zaɓa, ilimin da aka samu a ɗaya yana aiki a sauran.

Abu biyu ne ke bin waya

Wannan shi ne ginshiƙin karatun. Kowace waya a wannan na'ura tana ɗauke da ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, wanda ake aunawa da bolt. Idan hawa da saukar yana da sauri, tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma aka kai shi lasifika, kunne zai ji shi a matsayin sauti. Idan kuwa aka kai shi wani sashen maimakon lasifika, sai ya zama umarni: ya ce wa wancan sashe ya ɗaga murya, ko ya rage ƙara, ko ya buɗe, ko ya rufe. A fuskar sassan za ku ga an rubuta CV a gefen ramukan da ke karɓar irin wannan umarni.

Ku dubi makaɗin kalangu. Hannu ɗaya yana bugun fata, ɗayan kuma yana matse igiyoyin da ke jikin kalangun. Matsewar ita kaɗai ba ta fitar da wani amo, amma ita ke sa muryar ta hau ko ta sauka har kalangu ya yi magana. Bugun shi ke cewa "yanzu", matsewar ke cewa "a wace murya". Haka wayoyin umarni suke: wata tana faɗin lokacin da sauti zai fara da lokacin da zai tsaya, ita ce ake rubuta wa GATE, wata tana faɗin kaurin murya ko sirantarta, ita ce ake rubuta wa V/OCT.

Ƙa'idar V/OCT tana da sauƙi. Duk ƙarin bolt ɗaya yana ninka saurin kaɗawar sauti sau biyu, wato murya ta hau oktaf guda, daga wannan "do" zuwa "do" na gaba. A VCV Rack, sifilin bolt yana daidai da maɓallin C na tsakiyar fiyano, mai kaɗawa kusan sau 262 a daƙiƙa. Bolt ɗaya zai kai shi kusan 523. Tunda fiyano ya raba oktaf gida 12, kowane maɓalli yana ƙara kashi ɗaya cikin 12 na bolt. Amma na'urar ba ta ɗaure ku da waɗannan gidaje 12 ba. Duk muryar da ke tsakanin maɓalli da maɓalli, wadda fiyano ba ya iya kamawa, tana nan a hannunku.

Abin da ya ba wannan na'ura faɗi shi ne babu katanga tsakanin sauti da umarni. Kuna iya ɗaukar sauti ku mai da shi umarni, ko ku ƙara wa umarni sauri har ya zama sauti. A manhaja kuma babu abin da zai ƙone idan kun sa waya a inda bai dace ba.

Sassa biyar da suka isa a fara da su

Na farko shi ne VCO, mai haifar da sauti. Da an ɗora shi yake kaɗawa, ba ya tsayawa. Yana da ramukan fita huɗu. SIN yana ba da sauti mai santsi, kusa da fito. TRI ya ɗan fi shi kaifi. SAW yana da kaushi da cika, domin yana ɗauke da dukkan ƙananan muryoyin da ke hawa kan babbar murya. SQR kuma yana ɗauke da rabinsu ne, shi ya sa ake jin sa kamar busa daga cikin bututu.

Na biyu VCF, matatar sauti. Aikinta cire wani ɓangare na waɗancan ƙananan muryoyi. Ramin LPF yana barin masu kauri su wuce ya tare sirara, ramin HPF kuma akasin haka. Maɓallin CUTOFF shi ke sa iyakar inda yankan zai fara. Ku ba ta sautin SAW, ku murɗa wannan maɓalli a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, za ku ji sautin yana dushewa yana washewa. Wannan motsi shi ne asalin yawancin bes ɗin da kuke ji a kiɗan zamani.

Na uku VCA, mai kula da ƙara. Tunda VCO ba ya shiru, wannan sashe ne ke buɗe masa hanya ko ya rufe, gwargwadon umarnin da ya samu.

Na huɗu ADSR, mai zana rayuwar sauti daga farawa zuwa ƙarewa. Shi ba ya fitar da amo, umarni kawai yake bayarwa. Maɓallinsa na A yana faɗin tsawon lokacin da sauti zai ɗauka kafin ya kai ƙololuwa, D lokacin da zai ɗauka yana saukowa, S matakin da zai tsaya muddin yatsa yana kan maɓalli, R kuma tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya ɓace bayan an ɗage yatsa. Bambancin sautin da aka buga da wanda aka busa yana nan. Bugu yana farawa nan take ya mutu da sauri, busa tana shigowa a hankali ta zauna. Da VCO ɗaya, sauya waɗannan maɓallai huɗu kawai zai iya mai da ganga ta koma sarewa.

Na biyar LFO, wanda shi ma mai kaɗawa ne amma a hankali, yawanci ƙasa da abin da kunne ke ji. Ku haɗa shi da muryar VCO kaɗan, za ku sami rawar murya. Ku haɗa shi da matata, sautin zai riƙa buɗewa yana rufewa da kansa.

Haɗin farko

VCV Rack tana buɗewa da wani haɗi na misali. Ku saurare shi, sannan ku cire wayoyin duka ku sake ginawa da hannunku, domin a nan karatun yake. Idan kuna neman sabon sashe, ku latsa ɓangaren dama na linzami a wurin da babu komai, jerin sassa zai fito.

Ku fara da sashen Audio, ku zaɓi na'urar sautin kwamfutarku, ku rage ƙara. Ku ja waya daga SAW na VCO kai tsaye zuwa Audio. Za ku ji sauti ɗaya miƙe wanda ba ya tsayawa. Yanzu ku sa matata a tsakani: SAW zuwa IN na VCF, LPF zuwa Audio, ku yi wasa da CUTOFF. Sai ku ƙara VCA bayan matatar. Daga nan ku kawo sashen MIDI to CV, ku zaɓi allon rubutun kwamfuta a matsayin fiyanonku idan ba ku da na gaske. Ku kai V/OCT ɗinsa zuwa V/OCT na VCO, GATE ɗinsa zuwa GATE na ADSR, abin da ke fita daga ADSR kuma zuwa CV na VCA. Ku danna harafin Z ko Q. Sautin zai zo idan kun danna, ya tafi idan kun saki.

Mataki na gaba shi ne ku ja waya ta biyu daga wannan ADSR zuwa ramin umarnin CUTOFF, ta yadda matatar za ta buɗe da kowane dannawa. Wannan tsari na VCO, VCF, VCA da ADSR shi ne abin da ke ɓoye cikin Minimoog da mafi yawan sinthesaizar da ke cikin manhajojin haɗa kiɗa. Wanda ya gina shi da hannunsa, idan ya koma kan waɗancan, zai san abin da kowane maɓalli yake yi.

Bayan haka sai sashen jera muryoyi, irin su SEQ 3, mai matakai takwas da yake bi ɗaya bayan ɗaya yana maimaitawa. Shi ne zai karɓi aikin yatsunku, ku kuma ku koma murɗa maɓallai kuna sauraron yadda sautin ke sauyawa.

Inda ake yawan tuntuɓe

Babban tarko shi ne tara sassa. Tunda kyauta ne, sabon shiga sai ya sauke ɗaruruwa a rana ɗaya, ya cika fuskar kwamfuta, ya rasa ta inda zai fara. Sassan da manhajar ta zo da su sun isa karatun makonni. Kada a ƙara sabo sai an iya faɗin matsalar da zai warware.

Na biyu, shiru. Idan sauti bai fito ba, kada ku tsinke komai. Ku bi hanyar daga baya: an zaɓi na'urar sauti a Audio? VCA yana samun umarni? Ba a rufe CUTOFF gaba ɗaya ba? Sashen Scope yana zana abin da ke cikin waya a fili, ku sa shi a kowace gaɓa har ku ga inda abin ya tsaya. Ku tuna kuma waya tana fita ne daga ramin fita zuwa ramin shiga. A sassan VCV, ramukan fita suna zaune a kan baƙin fili don a bambanta su. Yana da kyau ku ware launi ɗaya ga wayoyin sauti, wani launin ga na umarni.

Na uku, nauyi a kan kwamfuta. Manhajar tana lissafa kowane sashe sau dubbai a daƙiƙa, yawanci 44,100 ko 48,000, ko ana jin sa ko ba a ji. Idan sauti ya fara tsinkewa yana ƙaraf-ƙaraf, ku ƙara girman ma'ajiyar sauti a sashen Audio daga 256 zuwa 512, ku rage saurin zanen fuska, ku cire sassan da ba sa aiki. Laftof da ke kan batir yakan rage ƙarfinsa, kuma wannan manhaja tana shan caji sosai, don haka ku riƙa adana aiki akai-akai.

Na huɗu, kunne. Waya ɗaya da aka mayar da ita cikin sashen da ta fito tana iya fitar da ƙara mai tsanani ba zato. Ku rage ƙara kafin kowane sabon gwaji, musamman idan abin sauraro yana kunnenku. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa, mai kiɗa kuwa da kunnensa yake cin abinci.

Ga masu jin Turanci, Omri Cohen yana da darussa masu yawa a YouTube a kan VCV Rack. Amfaninsu yana fitowa ne idan an tsayar da bidiyon an gina abin da aka gani, sannan a sauya waya ɗaya a ji abin da zai faru.

Me zai ƙara wa kiɗanmu?

Sautin lantarki ba baƙo ba ne a yankinmu. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa a 1978 da fiyanon lantarki ƙirar Italiya, kiɗansa ya daɗe yana fita a rediyo da talabijin na Nijar. A Inugu, William Onyeabor ya yi faya-fayansa da sinthesaiza, ciki har da na Moog. Abin da manhaja mai sassa ta ƙara shi ne damar gina sautin bisa tsarin kiɗan gida maimakon a lanƙwasa kiɗan ya bi na'ura.

Kiɗan gargajiya da yawa a ƙasar Hausa yana tafiya ne a kan muryoyi biyar. Sashen Quantizer yana ba ku damar kunna muryoyi biyar ɗin kawai ku kashe sauran, ta yadda duk abin da ya shiga cikinsa, ko da na kan-mai-uwa-da-wabi ne, zai fito a kan tsarin. Saɓanin bugu, inda wata ganga ke yin uku wata na yin biyu a lokaci guda, ana samun sa ta hanyar raba bugun sashen agogo ɗaya, mai ba da bugu a kai a kai, gida biyu da gida uku, a aika kowanne ga sautinsa. Ganga mai kauri kuma ba ta bukatar komai sai SIN, da ADSR ɗaya mai gajeren D da zai sa murya ta faɗo da sauri, da wani da zai rufe VCA. Idan aka sa sashen da ke sa umarni ya zame a hankali a kan wayar V/OCT, murya za ta riƙa sulalewa daga wannan mataki zuwa wancan, irin jan da goge yake yi.

Sai dai a san iyakarta. Ba ta maye gurbin manhajar haɗa waƙa: naɗar murya, jera baiti da amshi, da tace kiɗa duk sun fi sauƙi a can. Ba ita ce kayan aikin ranar da mawaƙi ke zaune yana jiran kiɗansa kafin la'asar ba. Idan kuna son sautin algaita ko kakaki na ainihi, ku kira mai busa ku naɗa, domin na'ura ba za ta kamo shi daidai ba. Hanyar da ta fi dacewa da mai aiki a situdiyo ita ce ya ware lokacin da babu abokin ciniki, ya ƙera bes ɗinsa da gangunansa da sautukan shimfiɗa, ya naɗe su da sashen Recorder a matsayin fayil ɗin WAV, ya tara su a rumbunsa da sunayen da zai gane. Ya kuma adana kowane haɗin da ya yi daɗi, tare da ɗan rubutu a sashen Notes da ke bayyana abin da kowace waya take yi, domin bayan wata guda ba zai tuna ba. Ranar aiki sai ya ɗauko sautin daga rumbun cikin daƙiƙa, kamar yadda ya saba ɗauko na kamfani.